Me ya sa fim ɗin yaron da aka cuta yake bin mutum har kan gado?

Duk sanda aka saki irin fina-finan nan da ke bin rayuwar yaro tun yana ƙarami har ya zama mutum, kuma an cuci yaron a hanya, gardama iri ɗaya ce ke tashi. Wani ya ce kwana uku bai yi barcin kirki ba, wata ta ce a tsakiya ta kashe don numfashinta ya fara sarƙewa, wani kuma ya rantse shi sauƙi fim ɗin ya kawo masa, ji ya yi kamar an ɗauke masa dutse daga ƙirji. Sai na huɗu ya faɗo ya ce ku dai kun cika raki, ba fim ba ne kawai? Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne dukkansu abu ɗaya suka kalla, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Da farko shi nau'in labarin. Labari ne na tasowa, inda ake bin yaro ko yarinya daga ƙuruciya zuwa balaga, ana nuna abin da ya mayar da shi mutumin da ya zama. Tsohon salo ne, ya girmi sinima, a littattafan Jamusawa aka fara ba shi suna wajen farkon ƙarni na 19. Asalinsa labarin koyon rayuwa ne, yaro ya yi wauta ya sha wuya ya yi hankali. Wanda ake gardama a kansa shi ne reshen da wuyar ba ta wauta ba ce, duka ne, ko fyaɗe, ko iyaye su yi watsi da shi, ko ya tashi a gidan da ake jibgar mahaifiyarsa yana kallo.

Sai raunin zuciya. Mutane na amfani da kalmar a kan duk abin da ya ɓata musu rai, amma a wajen likitocin ƙwaƙwalwa ma'anarta ta fi haka ƙunci. Abu ne da ya fi ƙarfin mutum a lokacin da ya faru, ya ji rayuwarsa ko jikinsa na cikin haɗari kuma ba mafita, sannan abin ya ƙi wucewa, yana dawo masa a mafarki ko ido biyu, yana guje wa duk abin da zai tuna masa, kullum a firgice yake. A 1980 aka saka wannan ciwo da ake kira PTSD a kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, kuma kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya ƙara wani nau'insa mai sarƙaƙiya, wanda yawanci ke samun wanda aka daɗe ana cutarwa ba hanyar gudu, kamar yaro a gidansu.

To a nan ne ake yawan kuskure. Tashin hankali bayan kallo daban, ciwon daban. Bugun 2013 na kundin nan na Amurka ya faɗa ƙarara cewa ganin abu a talabijin ko fim ko hoto ba ya shiga cikin abin da ke haddasa PTSD, sai dai in aikin mutum ne kallon, kamar ɗan sandan da kullum yake duba hotunan yaran da aka ci zarafinsu. Wannan ba yana nufin wanda ya kasa barci yana ƙarya ba ne. Yana nufin dai abin da ke damunsa yana da wani suna, kuma galibi yana wucewa.

Yadda fim yake shiga jiki

Mutum ya san 'yan wasa ne, ya san akwai kyamara da fitilu da darakta yana ihu a gefe, amma jikinsa bai jira wannan bayanin ba. Akwai wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa mai suna amigdala, aikinsa gadi, da ya ga fuskar da ke cikin tsoro ko ya ji takun mutum a bayan ƙofa sai ya buga ƙararrawa, zuciya ta hau bugu, tafin hannu ya jiƙe, tsigar jiki ta tashi. Sashen gaban goshi mai tunani shi ke zuwa daga baya ya ce kwantar da hankalinka fim ne. Kafin ya iso an riga an sha.

Masana sun san wannan da daɗewa, har ma da fim suke gwaji. A farkon shekarun 1960 Richard Lazarus da abokan aikinsa a Kalifoniya sun riƙa nuna wa ɗalibai fim mai tayar da hankali suna auna gumin fatarsu, kuma abin da suka gano shi ne hoto ɗaya, in aka canza muryar mai bayani a kansa, tashin hankalin ma canzawa yake. In muryar ta nanata azabar sai ya ƙaru, in ta yi magana a sanyaye kamar malami a aji sai ya ragu. Wato ba abin da aka nuna kaɗai ke aiki ba, yadda aka ba da shi ma rabin magana ne. A 2004 kuma Uri Hasson ya saka mutane a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna kallon fim ɗaya, aka ga manyan sassan ƙwaƙwalensu suna tashi suna sauka kusan tare, kamar daraktan ne ke riƙe da linzaminsu.

Me ya sa na yaro ya fi ciwo

Fim ɗin dodo ko na aljanu yana razana mutum, amma da an kunna fitila an gama, don ba wanda ke tsammanin haɗuwa da dodo gobe. Wannan kuwa dodon uba ne, ko mijin uwa, ko malami, ko maƙwabcin da kowa ke yabon kirkinsa. Wajen da ya kamata yaron ya ruga ya ɓuya nan ne haɗarin yake, kuma mai kallo ya san haka abin yake a zahiri.

Sannan akwai dabarun masu fim ɗin. Sukan sauke kyamara daidai tsayin yaron, sai manya su zama ƙatti, ƙofa ta yi nisa. Sukan bar shiru ya yi tsawo. Sau da yawa ma ba sa nuna abin, ƙofa ce za a rufe a bar ka a waje kana jin motsi, kuma wannan yakan fi zama a rai fiye da wanda aka nuna ƙuru-ƙuru, don kai ne ka cike gurbin da kanka, da kayan da ke cikin kanka. Ga kuma matsayin da aka ajiye mai kallo, babba ne, ya fahimci abin da ke shirin faruwa tun kafin yaron ya fahimta, yana so ya miƙa hannu ba hali. Haushin da mutane ke ji bayan irin wannan fim, wanda ba su san a kan wa za su sauke ba, yawanci daga nan yake.

Ƙarshen labarin ma ba ya taimakawa. An saba fim ya kama mugu ya hukunta shi, a nan kuwa sau tari ba a kama kowa, yaron ya girma kawai, yana ɗauke da abinsa, ya kasa riƙe aure ko abota, ko ya faɗa shaye-shaye. Ƙwaƙwalwa ba ta son labarin da bai rufe ba, sai ta yi ta juya shi.

Fami

Babban dalilin da ya sa martanin mutane ya sha bamban shi ne ba kowa ke shiga kallon da fata lafiyayya ba. Wanda ke da miki, ɗan gogar da wani ba zai ji ba shi fami ne a wajensa. Kuma masu mikin sun fi yadda ake zato yawa. Binciken da Vincent Felitti da Robert Anda suka jagoranta a Amurka, wanda aka fara wallafa sakamakonsa a 1998, ya tambayi manya sama da 17,000 a kan abin da suka gani a ƙuruciya, duka, zagi, lalata, shaye-shayen iyaye, rabuwar aure da makamantansu. Kusan biyu cikin uku sun ce aƙalla ɗaya ya same su, kusan ɗaya cikin takwas kuma huɗu ko fiye. Kuma waɗannan mutane ne masu inshorar lafiya, yawancinsu sun yi karatu, ba 'yan kan titi ba. A 2024 UNICEF ta ƙiyasta cewa mata da 'yan mata sama da miliyan 370 da ke raye an yi musu fyaɗe ko an ci zarafinsu ta lalata kafin su kai shekara 18.

To in mutum ɗari suka zauna kallo, lissafin a fili yake, da yawansu ba labarin wani suke kallo ba. Kuma abin da ke tayar da tsohon ciwon ba lallai ya zama babban wurin da kowa ke magana a kai ba. Zai iya zama ƙarar makulli a ƙofa, ko yadda uwar ta kawar da kai ta ci gaba da aikinta kamar ba ta ji ba. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya zabura, kuma ba ya zaɓar tsumman. Irin wannan tunawa ba ta zuwa kamar labari mai farko da ƙarshe, zuwa take a jiki, tashin zuciya, rawar hannu, ko mutum ya ji kamar ya fita daga jikinsa yana kallon kansa daga nesa.

Sai dai famin nan fuska biyu gare shi. Hukumar binciken da gwamnatin Ostireliya ta kafa a kan lalata da yara a makarantu da wuraren ibada da gidajen marayu, wadda ta miƙa rahotonta a 2017, ta gano cewa waɗanda suka ba ta labarinsu sun ɗauki kusan shekara 24 a matsakaici kafin su faɗa wa wani. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana zaton shi kaɗai ne, ko laifinsa ne, in ya ga yaro a fim cikin halin da ya shiga, kuma ya ga ƙarara yaron nan ba shi da laifin komai, wani abu yakan warware masa. Shi ya sa mai cewa fim ɗin ya rusa shi da mai cewa ya sauke masa kaya za su iya zama masu tarihi iri ɗaya, wani lokacin ma mutum ɗaya ne a ranaku daban.

Masu cewa a yi da masu cewa a bari

Gardamar ta fi shekara dubu biyu. Aflatun, masanin falsafa na tsohuwar Girka, na ganin wasan kwaikwayo mai sa kuka yana shayar da ɓangaren zuciya da ya kamata a bari ya bushe, ɗalibinsa Aristotil kuma ya ce a'a, tausayi da tsoron da mai kallo ke ji wanke shi suke yi. Har yau a kan layukan nan biyu ake tafiya, an dai canza kaya.

Masu goyon baya hujjarsu ita ce shiru shi ne abokin mai cutar da yara, duk abin da ya fasa shirun ya yi aiki. Suna cewa alƙaluma ba sa sa mutum ya lura da yaron da ya daina magana a aji, amma fim na iya sawa. Suna da ɗan goyon baya daga bincike ma, a 2016 tawagar Robin Dunbar a jami'ar Oxford ta nuna wa mutane fim mai sosa rai a kan wani da aka ci zarafinsa yana yaro ya ƙare a kan titi, bayan kallon aka ga juriyarsu ga zafi ta ƙaru kuma sun fi jin kusanci da waɗanda suka kalla tare, abin da masu binciken suka danganta da sinadarin endofin mai rage zafi da jiki ke saki. Ba kowa abin ya yi wa aiki ba, sai waɗanda labarin ya taɓa da gaske.

Masu suka kuwa ba duka ne ke cewa a hana ba, da yawansu tambayarsu ita ce don wa aka yi. Akwai fim ɗin da wahalar yaron ita ce hajar, a yi ta jan wurin cin zarafin ana ƙawata hoton, a ci kyaututtuka, mai kallo ya yi kuka ya ji shi mutumin kirki ne ya tafi, ba abin da ya canza. Suna kuma ƙorafin cewa irin waɗannan labarai na koya wa jama'a cewa wanda aka cuta ya lalace ke nan har abada, ko shi ma zai zama mai cutarwa, alhali mafi yawan waɗanda aka ci zarafinsu ba sa cin zarafin kowa. Binciken Emmy Werner da ya bi yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na jihar Hawaii ta Amurka a 1955 har suka manyanta ya nuna kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka taso cikin mawuyacin hali sun zama manya masu natsuwa, kuma abin da ya fi yawa a tarihinsu shi ne samun babba ko da guda ɗaya da ya riƙe su da gaske. Wannan ɓangaren ba ya cika shiga fim, ƙila don ba ya sayuwa kamar rushewa.

In aka auna, ɓangarorin biyu sun fi kusa da juna fiye da yadda suke ji. Kusan ba mai musun cewa a ba da labarin, rigimar a kan idon da kyamara ta ara ne, na yaron ko na mai cutar da shi.

Inda maganar ta fi zafi shi ne in labarin ya kai ga matashi ya kashe kansa. Bayan wani shiri mai dogon zango da Netflix ta saki a ƙarshen Maris 2017, wani bincike ya ba da rahoton cewa kisan kai tsakanin 'yan shekara 10 zuwa 17 a Amurka ya haura abin da aka yi hasashe da kusan kashi 29 cikin ɗari a watan Afrilu. Wani masani, Daniel Romer, ya sake duba alƙaluman ya ce in aka cire hauhawar da dama ake ciki, ba a ga tasirin shirin a fili ba. Duk da haka a Yulin 2019 kamfanin ya yanke wurin da aka nuna abin dalla-dalla, kuma a shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga masu fim, wanda ginshiƙinsa shi ne kar a nuna hanyar da aka bi, a kuma nuna cewa akwai neman taimako.

Gargaɗin da ake sakawa a farko

Nan akwai abin mamaki. Kowa na zaton rubutun nan na "wannan fim na ɗauke da abin da zai iya tayar da hankali" yana rage zafin, amma gwaje-gwaje ba su nuna haka ba. A 2020 Payton Jones da Benjamin Bellet da Richard McNally na Harvard sun gwada shi a kan mutanen da suka taɓa shiga mummunan tashin hankali, gargaɗin bai rage musu komai ba, sai ma ya ɗan ƙara musu ganin cewa abin da ya same su shi ne ginshiƙin rayuwarsu. Wani nazari na 2023 da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya ce gargaɗin na ƙara fargaba kafin a fara, ba ya canza yadda ake ji bayan an gani, kuma yawancin mutane ba sa fasa kallon.

Masu kare gargaɗin na da amsa, kuma amsar ba ta banza ba ce. Sun ce su ba magani suka ɗauke shi ba, bayani ne, kamar rubutun jikin kwalin magani, mutum ya san abin da ke ciki ya zaɓi ranar da zai kalla da wanda zai zauna kusa da shi. Ga wanda aka taɓa ƙwace wa zaɓi yana yaro wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma yawancin gwaje-gwajen da gajerun rubutu ko guntayen bidiyo aka yi su, ba fim na awa biyu ba.

Yara masu kallo, da yaran da ke cikin fim ɗin

Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne ganin yaro a jikin fosta su ɗauka fim ɗin na yara ne. Labarin yaro daban, fim ɗin yara daban, da yawan waɗannan an yi musu alamar shekarun mai kallo 15 ko 18 ne a tsarin Birtaniya, ko R, wato ba na yara ba, a na Amurka. A wani bincike na 1999, Kristen Harrison da Joanne Cantor sun tambayi ɗaliban jami'a, kusan kashi 90 cikin ɗari suka ce akwai abin da suka kalla suna yara ko matasa da ya firgita su har bayan kallon, kusan ɗaya cikin huɗu kuma suka ce har lokacin da ake tambayarsu da sauran tsoron. Waɗanda suka kalla suna ƙanana sosai nasu ya fi daɗewa. Sashen gaban goshin nan mai cewa fim ne kawai ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara ashirin, ga shi yanzu kallon a waya ake yi, cikin dare, da abin ji a kunne, ba kowa a gefe.

Shi kuma yaron da ya fito a fim ɗin, abin da mai kallo ya gani sau da yawa ba shi yaron ya gani ba. Akan ɗauki fuskarsa shi kaɗai a ce masa ya tuna wani abin tsoro, a ɗauki babban daban, wajen tace hoto a haɗa, wani lokacin a sa babba mai ƙaramin jiki ya tsaya a madadinsa. Wannan na rage haɗarin a wajen ɗauka, amma bai amsa tambayar da masu suka ke yi ba, cewa yaro ɗan shekara goma ba zai iya amincewa da hoton da zai bi shi har ya tsufa ba, iyayensa ne suka sa hannu.

Bayan an kashe

Ga yawancin mutane abin da ke biyowa baya sananne ne, jiki ya yi sanyi, wani hoto ya riƙa faɗo wa mutum a rai ba sallama, barci ya yi wuya, mai 'ya'ya ya tashi ya leƙa ɗakinsu ba dalili. Irin waɗannan hotuna masu kutse, a gwaje-gwajen da ake yi da fim, raguwa suke cikin 'yan kwanaki. Awannin farko na da muhimmanci don a lokacin ne ƙwaƙwalwa ke ɗaure abin da ta gani. A 2009 Emily Holmes a Oxford ta nuna wa mutane fim mai tayar da hankali, bayan rabin awa ta sa rabinsu buga Tetris, wasan kwamfuta na jera tubala masu faɗowa, na minti goma, a satin da ya biyo baya masu wasan sun fi ƙarancin hotunan nan. Bayanin da aka bayar shi ne wasan na cinye wurin da ƙwaƙwalwa ke buƙata don ta zana hoton da kyau. Ko ba Tetris ba, abin da ake fahimta daga nan shi ne kashe fim a ja bargo cikin duhu shi ne ya fi ba hoton damar zama. Yawan maimaitawa ma na ƙara shi, bayan harin bam na gasar gudu a Boston a 2013 an gano waɗanda suka riƙa bin labarin awa shida ko fiye a rana sun fi nuna alamun firgici a kan wasu da abin ya faru a gabansu, to haka mai komawa yana sake kallon guntayen wuraren da suka fi muni yake yi wa kansa.

Inda lissafin ke canzawa shi ne in abin ya ƙi lafawa, sati ya zama wata, mutum ya fara tuna abubuwan da suka same shi shi kansa, aiki ko karatu ya tsaya, ko tunanin cutar da kansa ya shigo. A nan ba fim ɗin ake jinya ba, tsohon mikin da ya fama ne, kuma wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne ko ƙwararren mai ba da shawara, akwai hanyoyin jinya ta magana da aka gwada aka ga suna aiki ko da shekaru sun ja. Wanda kuma wani nasa ya zaɓi daren kallon ya ce masa "ni ma an yi min", masu aiki da waɗanda aka ci zarafinsu sun daɗe suna nanata cewa amsar farko na da nauyi sosai wajen ko mutumin zai sake buɗe baki ko zai koma shiru, kuma tambayar "me ya sa ba ka faɗa ba tun tuni" tana cikin waɗanda suka fi saurin rufe shi.